Harajin da aka yafe mini, aka cire wa matata

Takardar ta iso ne a farkon watan Fabrairu na 2019, da hantsi, matata Maman Biyu ta dawo daga aikin dare ke nan ko takalmi ba ta cire ba. Na buɗe ambulan ɗin a tsaye a kicin, na karanta sau biyu, na yi hamdala da ƙarfi har ta juyo. Hukumar tara haraji ta ƙasar Ailan, wadda kowa a nan ke kira Revenue, ta amince cewa zane-zanena aikin fasaha ne, saboda haka ribar da na samu da na sayar da su ba za a cire mata harajin kuɗin shiga ba. Na miƙa mata ina jiran ta taya ni murna. Ta karanta a hankali, ta ninke, ta ajiye kusa da butar shayi, sannan ta zaro takardar albashinta daga jaka ta ɗora a kai.

Ta ce, "Baban Biyu, karanta wannan ma."

Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 30 ga Janairu, ta wuni a tsaye a ƙofar asibiti cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, tana riƙe da kwali tare da sauran ma'aikatan jinya da ungozoma da suka shiga yajin aiki a faɗin ƙasar a kan albashi da ƙarancin ma'aikata. Takardar da ta ɗora mini tana nuna dare uku na ƙari da ta yi a watan, da abin da aka zabtare. Kusan rabi ya tafi. Ban sami abin cewa ba. Ta sha shayinta ta haura sama ta kwanta, ni kuma na zauna ina kallon takardu biyu a kan tebur ɗaya, na gida ɗaya.

Ni mutumin birnin Zariya ne, ɗan magini. Baba, Allah ya jiƙansa, ginin ƙasa yake yi, amma abin da aka fi saninsa da shi zanen bango. In an gama ɗora tubali, an jera azara, an tayar da zanko a saman soro, sai a kira shi ya yi wa fuskar zaure ado. Da yatsu da ɗan guntun ƙarfe yake fitar da dagi a jikin ɗanyen yaɓe, yana ja yana lanƙwasawa ba tare da ya auna ba, kuma ƙarshen layin sai ya dawo ya sami farkonsa daidai. Ina shekara bakwai nake riƙe masa ƙwaryar makuba. Duk maginin Zariya yana alfahari da Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni tun ƙarni na 19, kuma Baba kan kai ni ciki ya ce in ɗaga kai in dubi bakan gizon, in yi shiru.

Haraji kuwa na san shi tun kafin in san karatun boko. Gini aikin rani ne. Da damina Baba ba ya samun ko sisi daga sana'arsa, sai ɗan abin da gona ta bayar, amma da kaka ta yi mai unguwa zai zo da littafinsa, kowane baligi da kuɗin kansa, ba ruwan kowa da ko ka yi aiki bana ko ba ka yi ba. Na taɓa ganin Inna ta kwance tasoshinta na jere an kai kasuwa saboda haraji. Shi ya sa ban manta da 1979 ba, shekarar da gwamnatin PRP ta Balarabe Musa a Kaduna da ta Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Baba ya yanka zakara ran nan. Wato ni a gidanmu na taso da sanin cewa haraji yana iya zama zalunci, kuma ɗauke shi yana iya zama rahama. Ban taɓa tunanin wata rana rahamar za ta sauka a kaina ta tsallake matata ba.

Na karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello, a sashen da ya fitar da su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke, na koyar a makarantar sakandare shekara tara. Maman Biyu ce ta fara samun aikin jinya a Dablin, babban birnin Ailan, a 2006, lokacin da asibitocin ƙasar ke ɗiban nas-nas daga Indiya da Filifin da Afirka. Na biyo ta da tagwayenmu bayan shekara guda. Ba mu daɗe ba tattalin arzikin ƙasar ya rufta. Aka ɗora wa ma'aikatan gwamnati kuɗin fansho na dole a 2009, aka rage musu albashi a 2010, aka ƙirƙiro wani sabon caji mai suna USC a 2011. Duk waɗannan a takardar albashin Maman Biyu suka sauka, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa takardar digirina ba ta buɗe mini ƙofar kowane aji ba. Aikin gadi na samu a wani babban sito a wajen gari, kuma har yau ina yi, kwana uku a mako.

Shekara bakwai ban taɓa buroshi ba. Abin da ya dawo da ni rasuwar Baba ce a 2014. Na je ta'aziyya na tarar an rushe gidaje uku daga cikin waɗanda ya yi wa ado a unguwarmu, an tayar da bulo da siminti, na huɗun kuma damina ta cinye rabin dagin. Na ɗauki hoton abin da ya rage da waya. Da na dawo Balbriggan, garin da muke zaune a arewa da Dablin, sai na share ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida inda muke ajiye kekunan yara, na sa hita, na soma. Ina haɗa fenti da yashi mai laushi da gam don in sami kaurin yaɓe, ina ja da yatsa kamar yadda na ga ana yi. Na farkon da ya yi kyau sai da na ɓata goma sha ɗaya kafin shi. Ranar Lahadi in babu ruwan sama nakan shiga jirgin ƙasa da zane uku ko huɗu a ƙarƙashin hammata, in je dandalin Merrion inda masu zane ke rataye aikinsu a jikin shingen ƙarfe, in wuni ina murza hannu. Sau da yawa yadda na kai su haka nake dawo da su.

A can wata mai gidan baje zane ta gan ni, ta tsaya ta daɗe tana shafa gefen wani da bayan yatsa, ta tambaye ni ko ina da irinsa ashirin. A Nuwamba 2018 aka baje guda 22, aka sayi 17. Kuɗin da suka kama gaba ɗaya Yuro 31,000. Gidan ya ɗauki rabi, haka al'adar take. Da na cire kuɗin firem da fenti da kyalle da motar da ta kwashi kayan, abin da ya rage mini bai wuce Yuro 12,000 ba. Ita mai gidan baje zanen ce ta ce in nemi a yafe mini harajin, ta nuna mini fom ɗin. Na cike, na haɗa da hotunan zanen da rasit na ciniki, na aika.

Dokar tsohuwa ce. Charles Haughey ne ya kawo ta a 1969 yana ministan kuɗi, a ƙasar da ta daɗe tana kallon marubutanta da masu zanenta suna tattara komatsai suna ƙaura zuwa Landan da Faris saboda ba abin da zai riƙe su a gida. Ta shafi abu biyar: littafi ko wani rubutu, wasan kwaikwayo da aka rubuta, kiɗa ko waƙar da mutum ya tsara, zane, da sassaƙa. Sharaɗin shi ne aikin ya zama na ƙirƙira, naka na kanka, kuma a yarda yana da daraja ta fasaha ko ta al'ada. Ba a ce sai ɗan ƙasa ba, shi ya sa Bazazzagi mai gadi ya samu. Kuma ba duka ake yafewa ba: USC da kuɗin inshorar ma'aikata na PRSI sai ka biya, fom ɗin haraji na shekara kuma sai ka cike kafin ƙarshen Oktoba kamar kowane mai sana'ar kansa. Hukumar tana wallafa sunayen waɗanda ta amince wa, kowa ya gani.

Shekara da shekaru dokar ba ta da iyaka, ko miliyan nawa ka samu. Turawan Ingila masu littattafan da ake rububi suka riƙa ƙaurowa don su tsira da dukiyarsu, manyan mawaƙan da duniya ta sani suka riƙa kwasar kuɗin waƙoƙinsu ba a taɓa ko kwabo. Da surutu ya yi yawa aka sa iyaka ta Yuro 250,000 daga 2007, kuma tun kafin ta fara aiki ƙungiyar mawaƙan nan ta U2 ta mayar da wani sashe na harkarta ƙasar Holan a 2006. A 2011, cikin tsananin matsi, aka sauke iyakar zuwa 40,000, sannan aka ɗaga ta zuwa 50,000 a 2015. Har tsohon Firayim Minista Bertie Ahern ya samu wannan rangwame a kan littafin tarihin rayuwarsa, mutane suka yi ta tsaki a rediyo. Duk wannan Maman Biyu ta sani, domin a ɗakin hutun asibiti ba abin da ba a tattaunawa.

Da ta tashi da la'asar ran nan na riga na shirya hujjata, har da lissafi a bayan ambulan. Na ce mata shekara huɗu na yi a kan zanen nan, awa goma sha biyar a mako in an daidaita, wato wajen awa 3,000. In aka raba 12,000 a kansu, Yuro 4 ke nan a awa, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar a 2018 Yuro 9.55 ne. Na ce guminmu na shekara huɗu ne ya faɗo a wata ɗaya, kuma tunda albashinta da nawa sun riga sun kai mu matakin sama, da an caje ni da 40 cikin 100 za a ɗauka, Yuro 4,800, sai ka ce duk shekara haka nake samu.

Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Ni an aike ni. An rubuta sunana a allo, gado goma sha biyu, daga takwas na dare zuwa takwas na safe. In ban je ba wani tsoho zai kwana cikin fitsarinsa. Kai in ba ka shiga ɗakin katakon nan ba, wa zai kwana da yunwa? Kana yi ne don ranka yana so, ina kuma taya ka so, Allah ya sani. Amma kada ka ce mini ƙasar nan ta fi bukatar hannunka a kan nawa."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce takardar haka take nufi.

Sannan ta kawo abin da har yau ban gama amsa shi ba. Wata abokiyar aikinta mijinta manomi ne, mai shanun madara a gundumar Meath. Ta ce manoma ma shekararsu ba ta zuwa daidai, wata a samu wata a rasa, kuma gwamnati ba ta yafe musu ba, dama ta ba su su haɗa ribar shekara biyar a raba daidai a caje su a kan matsakaicin. Ta ce, "In matsalarka ita ce kuɗin shekara huɗu ya zo rana ɗaya, to a raba maka shi gida huɗu a cire abin da ya dace. Wannan shi ne gyara. Yafewa kuma wani abu ne daban, fifiko ne." Na bincika daga baya na tarar gaskiya ta faɗa game da manoman. Rabin hujjata ta rushe a kan allon yanka albasa.

Makonni na yi ina juya maganar a wurin gadi, inda dare ke da tsawo kuma ba mai katse maka tunani. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne yadda mai fasaha yake rayuwa a ƙasarmu. A wurinmu ba a taɓa barin makaɗi ko mawaƙi ko gwanin gini ga kasuwa kaɗai ba, domin an san kasuwa ba ta riƙe shi. Ubangida ke riƙe shi. Sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya ba da kujerar Makka, ɗan siyasa ya ba da mota. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin da ke cin tuwon fada ba ya waƙar talakan da dogari ya mara. Na ga Baba da idona yana cusa hoton mota da agogo a tsakiyar dagi, ransa ba ya so, saboda mai gidan ya ce yana son a san ya yi arziki. Da muka dawo gida ya wanke hannu ya daɗe bai yi magana ba.

Abin da dokar Ailan ta yi, a fahimtata, shi ne ta zama ubangidan da ba ya cewa a wasa shi. Ba wanda ya ce in zana tutar ƙasar ko fuskar minista. Ba a ba ni ko sisi daga baitulmali ba, sai da wani ya ga aikin ya zaro kuɗinsa ya saya tukuna, sannan hukuma ta janye hannunta. Marubucin da ya zagi gwamnati a littafinsa yana samun rangwamen daidai da wanda ya yabe ta. Wanda bai taso inda mai waƙa ke durƙusawa ba, da wuya ya san girman wannan. Ni na sani, kuma a kan wannan nake tsaye har gobe: ƙasa ƙarama mai mutum miliyan biyar, wadda harshenta na asali ke fama da numfashi a ƙarƙashin Turanci, tana da dalilin da za ta sa hannu don kada masu ba da labarinta su watse ko su koma maroƙa. Galibi kasuwa tana biyan mai zane sau ɗaya ne, a ranar ciniki. Zanen kuma yana nan shekara hamsin ana kallo, yara suna koyo a kai, baƙi suna zuwa dominsa, ba wanda zai sake aiko wa mai shi da komai.

Sai dai ko a nan akwai inda takalmin ke matsa mini, kuma ya fi maganar manoma ciwo. Akwai wani ɗan'uwa Basudane da muke haɗuwa a masallaci, makaɗin garaya irin tasu, hannunsa kamar ruwa. Yana kiɗa a bukukuwa da makarantu, duk abin da ya samu ana cire masa haraji cif, domin dokar ta mai tsara waƙa ce, ba ta mai kaɗawa a gaban jama'a ba. Ɗan wasan da ya hau dandamali ya sa mutane kuka yana biya, wanda ya rubuta wasan ba ya biya. Akwai wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ke yi wa amare lalle a Dablin, zanen da take fitarwa a tafin hannu cikin awa ɗaya ni ba zan iya shi a mako ba, amma nata sana'a ce, nawa fasaha. Ƙa'idojin ba sa yafe wa abin da aka yi don amfanin yau da kullum ko don talla. Na zauna na tambayi kaina: da Baba ne ya cike fom ɗin nan, ya aika hoton zauren da ya yi wa ado, me za a ce masa? Ina jin za a ce masa magini ne, ya je ya biya. Hular da Inna ta shekara arba'in tana ɗinkawa da allura, ana saye ana sawa a ka, ita ma haka. Ni da na kwafi hannun Baba na ɗora a kyalle na sa a firem, aka rataye a farin bango da fitila a kai, ni ne aka kira mai fasaha. Wannan ya tsaya mini a wuya, domin na san wanda ya fi wani a tsakaninmu.

Ga kuma wani abu da sai da annobar korona ta zo na gan shi da kyau. A Maris 2020 aka rufe komai. Gidan baje zanen ya rufe, shingen Merrion ya zama wayam, shekarar nan gaba ɗaya zane biyu na sayar. Rangwamen haraji ga wanda bai samu komai ba kamar a yafe wa mai azumi kuɗin abincin rana ne. Masu zane da mawaƙa da na sani, waɗanda ba su da gadi ko matar da ke aikin jinya, tallafin annoba na Yuro 350 a mako ne ya riƙe su, ba dokar 1969 ba. Dokar tana ƙara wa mai samu ne gwargwadon samunsa: mai ribar 50,000 ya tsira da dubbai masu yawa, mai ribar 2,000 ya tsira da na cefane. Ina ganin gwamnati ma ta lura, domin a 2022 ta fara gwajin ba masu fasaha 2,000 Yuro 325 kowane mako, aka zaɓe su ta hanyar ƙuri'a daga cikin sama da 9,000 da suka nema, kuma wannan kuɗin ana cire masa haraji, kuma makaɗa da 'yan wasa suna ciki. Na nema, ƙuri'a ba ta faɗo kaina ba. Basudanen nan ma ya nema.

Ita kuwa Maman Biyu a watannin nan ba na son tunawa. Takan dawo da shaidar takunkumi ya yanka mata karan hanci, ta tuɓe kayan aiki a bakin ƙofar baya ta zuba a leda, ta hana yara taɓa ta sai ta yi wanka. Ta riƙe wa mutane waya suna sallama da iyalansu. Ta kamu ita ma, ta yi kwana goma sha shida a ɗaki ita kaɗai ina ajiye mata abinci a ƙofa. A farkon 2022 gwamnati ta sanar da kyautar Yuro 1,000 ga ma'aikatan lafiya da suka yi aiki a gaba-gaba, ba haraji a kai. Ranar da kuɗin ya shigo ta nuna mini a waya ta ce, "Ka ga, ashe sun san yadda ake yi. Ni sau ɗaya a rayuwa, kai duk shekara." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce mata gaskiya ne.

In aka tambaye ni yau ko adalci ne, ga abin da zan ce, kuma na daɗe kafin in iya faɗinsa a gabanta. Yadda dokar take kafin 2007, ba iyaka, zalunci ce tsagwaronta: nas tana biya, mai jirgin sama na kansa ba ya biya. Yadda take yanzu da iyaka, ina goyon bayanta, amma da a hannuna take da na sauke iyakar ƙasa da haka, na buɗe ƙofar ga makaɗi da ɗan wasa da mai aikin hannu, domin layin da aka ja tsakanin fasaha da sana'a layi ne na mutanen da ba su taɓa riƙe ƙwaryar makuba ba. Abin da ba zan ƙara yi ba shi ne in ce haƙƙina ne. Alfarma ce jama'ar ƙasa suka yi mini daga aljihunsu, kuma a cikin jama'ar nan wadda ta fi kowa biya tana kwana a gefena. Hitar da ke ɗakin katako, da fentin da na ɓata sau goma sha ɗaya, da kwana biyun da na rage a wurin gadi don in sami lokacin zane, duk daga dutin darenta suka fito. Tun kafin Revenue ta san da ni, ita ce ta fara yafe mini.

Yuro 4,800 ɗin nan ban taɓa su ba sai da muka zauna. Na ce ta daina karɓar daren ƙari na wata shida, kuɗin ya cike gurbin. Ta yarda da wannan, amma ta ce bai isa ba. Ta ce, "Wannan tsakanina da kai ne. Saura mutanen gari. Tunda sun yafe maka, ka fita ka nuna musu abin da suka saya." Ita ta je ta yi magana da masu kula da wani ɗakin taro na unguwa, ita ta rubuta sanarwar da hannunta ta manna a shagon da muke sayen doya da manja.

Yau shekara uku ke nan duk Asabar da safe ina can daga goma zuwa sha biyu, ba a biyan ko sisi. Yara sukan kai goma sha biyar, 'yan Najeriya da 'yan Folan da 'yan ƙasa. Ina ba kowa faranti da ɗanyen yumɓu, in ce ya ja layi ɗaya da yatsa ba tare da ya ɗaga ba har ya dawo inda ya faro. Akwai wani dattijo ɗan ƙasar da ke kawo jikarsa, shekara arba'in ya yi yana aikin filasta kafin gwiwa ta hana shi hawa tsani. Da farko a bakin ƙofa yake tsayawa da hularsa a hannu. Wata rana ya matso ya dubi hoton zauren Baba da na manna a allo, ya sa tabarau, ya tambaye ni me ake zubawa a yaɓen da ruwa ba ya cin sa da wuri. Na ce masa makuba, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa. Ya sa na maimaita sunan sau uku, ya rubuta a bayan rasit. Ya ce mutumin da ya yi wannan bangon ya san aikinsa. Yanzu shi ke kwaɓa mana yumɓun kafin yara su iso, kuma ba ya yarda in taɓa, wai ina sa ruwa da yawa.

Oktoban da ya wuce ina cike fom ɗin shekara a teburin kicin, Maman Biyu ta tsaya a bayana da kofin shayi tana karanta lambobin ta saman kafaɗata. Da na iso layin da ake rubuta kuɗin da aka yafe, ta sa yatsa a kan allon kwamfutar ta ce har yanzu ita ba ta yarda ba. Na ce na sani. Ta ce in matsa mata ta ga ko na sa kuɗin firem ɗin da muka biya a watan Yuni, domin bara na manta.